Gashin Kuramochi a Bangon Gwanayen Jita

A unguwar Koenji ta birnin Tokyo babu wanda bai san gashin Kuramochi ba. Shi kansa mutumin ba kowa ne ya damu da shi ba, amma gashin nan da yake ɗaurewa a ƙeya ya sako shi har tsakiyar baya ya fi mai shi suna nesa ba kusa ba. Tun yana saurayi ya rantse shi da almakashi sun raba gari. Ya yi aikinsa a ofishin ruwa yana cusa gashin cikin wuyan riga don kada manya su gani, ranar da ya yi ritaya kuwa ya fito da shi ya bar shi ya sha iska. Yanzu ya yi fari fat, ya sirance kamar jelar saniyar da ta sha rani, amma in ka ji yadda Kuramochi ke maganarsa sai ka ɗauka kayan tarihi ne.

Abu na biyu da aka san shi da shi baki ne, kuma abin mamaki ya zaɓi ya riƙa wuni a wurin da baki ba shi da kasuwa. Wurin kuwa shi ne Mujiya, wani ɗan shagon gahawa a ƙarƙashin ƙasa, daidai ƙasan shagon mai awara. Ba hira ake zuwa yi Mujiya ba, sauraron faifai ake zuwa yi. Mama Shizue mai shagon doka ɗaya gare ta: muddin allurar garmaho na kan faifai ba mai cewa uffan, ko tari ne ya sarƙe ka sai ka hau matakala ka yi abinka a titi. Don haka Kuramochi yakan zauna ya kumbura da zance, da allura ta tashi sai ya juye wa jama'a abin da ya tara gaba ɗaya.

Bangon da ke fuskantar ƙofa shi ake kira Bangon Gwanaye. A nan aka rataya hotunan makaɗan jitar da 'yan shagon suka yarda babu kamarsu a duniya. Ba a rataya hoto sai an yi zama. Mai son a ɗaga gwaninsa zai kawo faifai, a saurari fuska guda daga farko har ƙarshe, sannan kowa ya yanke hukunci da kofinsa: wanda ya yarda ya bar kofi a tsaye, wanda bai yarda ba ya kife shi. In kuwa wanda ya kawo faifan ya yi magana kafin allura ta tashi, ya faɗi ke nan.

Gwanin Kuramochi wani ne Isogai, wanda ban da Kuramochi babu mai tunawa da shi. Isogai ya yi zamaninsa a kiɗan rok mai dogon zango, irin wanda waƙa ɗaya ke cinye fuskar faifai guda, a fara da kukan tsuntsaye, a ratsa ta kan ganguna da sarewa, kafin a iso ga jita mutum ya manta abin da ya fito da shi daga gida. Shi ke tsara kiɗan, shi ke rubuta baitocin, shi ke riƙe jita, a wata ƙungiya da ta fitar da faifai ɗaya tak ta watse. Sunan faifan Tattakin Kunkuru. Kuramochi ya tsince shi a kwandon gwanjo tun yana saurayi, bai taɓa ganin wani irinsa ba, bai kuma taɓa fita da shi daga gida ba. Duk da haka kowa a Mujiya ya ji labarinsa har ya gaji: yatsun Isogai sun fi walƙiya sauri, sunan kunkurun nan kuma ba'a ce irin ta manyan gwanaye. A ƙarshen waƙar akwai wata mace mai zaƙin murya da ba a rubuta sunanta a jikin kwalin ba, wadda in Kuramochi ya zo kanta sai ya dafa ƙirji ya lumshe ido.

Akwai kuma wani sirri da ya riƙe wa kansa. Kowane garmaho yana da ɗan maɓalli mai gudu biyu, na hankali don manyan fayafayai, na sauri don ƙanana. Ranar da ya sayo Tattakin Kunkuru ya manta maɓallin a kan sauri, ya ɗora allura, ya ji abin da ya kusa kayar da shi daga kujera. Nan take ya gane cewa wannan babban faifai ba irin sauran ba ne, gudun sauri yake so, kuma gwanaye ba sa tsayawa rubuta wa mutane bayani. Tun daga ranar yake jin shi da Isogai kaɗai suka san wannan a duniya.

Wata ranar Laraba, allura na tashi Kuramochi ya fara yabon Isogai. Tobita mai aski, wanda suka yi firamare tare, kuma ya shekara da shekaru yana kallon gashin nan kamar yadda mahauci ke kallon ragon maƙwabci, ya ajiye kofinsa ya ce ya yarda mutumin ya iya tsara waƙa tunda Kuramochi ya faɗa, amma tsara waƙa daban, jita daban, bangon nan kuma na yatsu ne.

"Gen," in ji shi, don haka yake kiransa tun suna yara, "shekara nawa muna cin wannan tuwon a bakinka? Ka kawo faifan mana mu ji, ko kuwa kunkurun ne bai iso ba har yanzu?"

Aka yi dariya. Kuramochi ya miƙe tsaye, ya ce ran Lahadi ta sama zai kawo, kuma in kofi ko ɗaya ya kife to shi bai san kiɗa ba. Tobita ya ce baki ba ya biyan komai, me ya ajiye? Kuramochi ya waiga ya ga duk ido na kansa, har da na mai awara da ya leƙo daga matakala. Sai ya kai hannu ƙeya ya ɗaga gashin sama.

"Wannan. In Isogai bai hau bangon nan ba, ka aske shi tas a ƙofar shagonka, a gaban kowa."

Sai aka ga yatsun Tobita biyu suna motsi a kan tebur kamar almakashi. Mama Shizue ta ce ta shaida, ta ɗora wani faifan.

Da ya koma gida ya ba matarsa Tokiko labari, yana jiran ta firgita. Tokiko ta daɗe da sanin Tattakin Kunkuru fiye da yadda take so, ta kuma sha jin cewa da ta iya waƙa kamar matar nan ta ƙarshen faifai da gidan ya fi haka daɗi. Ta dube shi, ta dubi gashin, ta tashi ta ɗauko ulu da tsinken saƙa. Ya tambaye ta me za ta saƙa da zafin nan, ta ce hula ce, ai sanyi ba ya aiko da sanarwa.

Washegari Kuramochi ya shiga yaƙin neman ƙuri'a. Ya fara da gidan wanka na unguwa, inda rabin 'yan Mujiya ke zuwa jiƙa ƙasusuwansu da yamma. Ya ce tunda ba za su ji faifan ba sai Lahadi, bari ya ɗanɗana musu. Ya ɗauki robar wanka ya rungume ta a matsayin jita, ya hau bakin kwamin ruwan zafi daga shi sai ɗan tawul, ya shiga kaɗa iska da yatsu yana fitar da sautin da baki. Ya yi nisa sosai, yana kaɗa kai gashi na feshin ruwa, sai ƙafarsa ta sami sabulun wani. Robar ta yi gabas, shi ya yi yamma, ya faɗa kan wani tsohon direban jirgin ƙasa da ke gyangyaɗi a cikin ruwan. Da aka tsamo su, direban, wanda shi ma yana da kofi a Mujiya, ya ce in wannan ne somin-taɓi to shi nasa kofin a kife zai zo da shi daga gida. Daga ɓangaren mata kuma wata murya ta ƙetaro bango tana tambaya ko kyanwa ce ta faɗa tukunya.

Bai karaya ba. Ran Juma'a ya shiga Mujiya da guduma a aljihu. Ya jira Mama Shizue ta shiga baya wanke kofuna, ya hau kujera, ya zaɓi tsakiyar bangon, sama da kowa, ya saita ƙusa, wai don kada a ɓata lokaci ran Lahadi. Bugu na farko ya sami babban yatsansa. Allura na kan faifai, don haka ya haɗiye ihun, ya yi ta rawa a kan kujera baki a buɗe ba sauti. Bugu na biyu ƙusa ta shiga, bango ya girgiza, hoton gwanin Tobita ya ɓalle ya faɗo daidai kan tiren awarar da mai awara ya sauko da shi yanzun nan. Kowa ya gani, ba wanda ya iya magana, aka zauna ana kallon juna har faifan ya ƙare. Da allura ta tashi Mama Shizue ta ce a bar ƙusar a inda take, ko ba komai za ta riƙa tuna mata da wanda ba za ta ƙara bari shi kaɗai a shago ba. Mai awara kuwa ya ce shi bai taɓa ganin gwanin jita ya shiga awara da fuska ba sai yau.

Nan Kuramochi ya ga ƙuri'u na zubewa, sai ya fito da babban shirinsa. Ya daɗe da jin ƙishin-ƙishin cewa Isogai na raye a wani ƙauye a lardin Chiba. Zai je ya ɗauko shi da kansa, ya zaunar da shi a Mujiya, ya ga mai ƙarfin halin da zai kife kofi a gaban mutumin.

Ya sauka jirgi, ya hau bas, ya yi tambaya, aka nuna masa wata gonar gyaɗa. A ciki ya tarar da wani ƙaton tsoho mai faɗin kafaɗa, da tawul a wuya, yana tuge gyaɗa a hankali kamar mai tsoron ta ji zafi. Kuramochi ya rusuna har gashinsa ya share ƙasa, ya kira shi Sensei, wato malam, ya fara. Ya yabi yatsunsa, ya yabi saurinsa, ya ce a duk ƙasar nan shi kaɗai ya fahimce shi. Tsohon ya yi tsaye da gyaɗa a hannu, fuskarsa ta cika da mamaki, don rabon da wani ya ambaci faifan nan tun kafin ya yi aure. Da ya sami 'yar kafa sai ya ce, da wata murya mai kauri kamar daga cikin rijiya, ai shi yatsunsa ba su taɓa sauri ba, shi ya sa ma...

Kuramochi ya fashe da dariya ya ce ka ji manya, tawali'u har a gona. Isogai ya sake gwadawa, ya ce 'yan ƙungiyarsu ma tsokanarsa suke yi da... Kuramochi ya ce hassada ce, ya san irinta, shi ma yana fama da wani mai aski. Ya so ya tambayi labarin matar nan mai murya, sai ya ga gara ya adana tambayar sai a gaban jama'a, don amsar ta ƙara wa ranar armashi. Don ya nuna ladabi ya tuɓe riga ya ce zai taya Sensei aiki, ya kama gindin gyaɗa ɗaya ya fizga da ƙarfi, bayansa ya amsa. Isogai ne ya goya shi har tashar bas. Wataƙila tausayi ne, wataƙila kuma marmarin jin faifan da shi kansa ba shi da ko ɗaya, amma kafin bas ta tashi tsohon ya ce zai zo.

Ran Lahadi da rana Mujiya ta cika har matakala. Tobita ya zo da farar rigar aikinsa, almakashi na leƙowa daga aljihu. Tokiko ta zauna a lungu da 'yar jakarta. Kuramochi ya shigo a karkace saboda baya, rungume da faifan da ya naɗe cikin zanen ɗaurin kaya, a bayansa kuma ga Isogai, ya sunkuyo don kada kansa ya bugi ƙofa, da buhun dafaffiyar gyaɗa tsaraba. Da aka ji ko wane ne, shago ya yi tsit. Har Tobita sai da ya miƙe ya rusuna, ya tura almakashin can cikin aljihu.

Kuramochi ya miƙa wa Mama Shizue faifan, don ita kaɗai ke taɓa garmahon Mujiya, sannan ya juya ya fuskanci jama'a ya ce yana da 'yan kalmomi. Ya faro daga ranar da aka haife shi. Ya bi ta kan kwandon gwanjo, ya ratsa ofishin ruwa, ya tsaya ya yi bayanin bambancin mai ji da kunne da mai ji da zuciya, yana nuna Tobita da haɓa. Gahawa ta huce a kofuna. Maganar maɓallin nan, wadda ita kaɗai ce ke da amfani a duk abin da ke bakinsa, ya ajiye ta ne don rufe jawabi. Mama Shizue kuwa hanya ɗaya ta sani ta rufe bakin Kuramochi, kuma ba ta taɓa ba ta kunya ba. Yana tsakiyar wata jimla ta sauke allura.

Tsuntsaye suka fara kuka, amma ba irin kukan da ya sani ba. Nasa tsuntsayen 'yan ƙanana ne masu rawar kai, waɗannan kuwa kamar kurciyoyin da suka ƙoshi. Ya dubi garmahon, ya hangi maɓalli a kan gudun hankali, inda yake zaune tun ranar da aka buɗe shagon. Ya buɗe baki, Tobita ya ɗaga yatsa ɗaya yana murmushi, Kuramochi ya rufe bakinsa.

Daga nan aka shiga kallo biyu. Kuramochi ya ɗaga hannu yana juya yatsa a iska da sauri, Mama Shizue ta ɗauka ƙarin gahawa yake so, ta zuba masa. Ya girgiza kai ya nuna garmaho ya yi alamar gudu da hannuwa biyu, tsohon direban jirgi ya matsa masa hanya yana nuna masa ƙofar bayi. Ya yunƙura zai je da kansa, bayansa ya riƙe, ya koma ya zauna da ƙarfi. Ganguna suka shigo suna tafiya kamar masu rakiyar gawa. Da jitar ta iso, wurin da ya shekara yana cewa walƙiya, sai ga ta tana ɗiga ɗaya bayan ɗaya kamar famfon da bai rufu ba, irin wanda ya yi rayuwarsa yana aika a gyara. Ya cusa gashinsa a baki ya cije. Ya waiga wajen Isogai don su haɗa ido a kan wannan wulaƙanci, sai ya ga tsohon ya lumshe ido yana gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunsa. Kuramochi ya ce a ransa, shi ke nan, sun sa Sensei kuka.

Bai lura ba cewa shagon ya daina kallonsa. Kiɗan a hankali yake tafiya, amma yana da inda za shi, kuma ya tafi da mutane. Tobita ya sunkuyar da kai. Mai awara ya manta da gyaɗar da ya ɓare a hannunsa.

Kuramochi ya daure har kusan ƙarshe, yana ƙarfafa kansa da cewa ko ba komai matar nan za ta cece shi. Kiɗa ya lafa, aka zo wurinta. Sai wata murya ta fito daga lasifika, ta namiji, mai kauri, da ɗan toshewar hanci. Haƙurinsa ya ƙare.

"Ina matar? Mama, kin kashe min faifai! A kan sauri ake sa shi!"

Mama Shizue ta bar allura ta gama tafiyarta, ta ɗaga ta, sannan ta ce doka dai kowa ya san ta. Amma Tobita ya share ido da hannun riga ya ce a'a, shi ba ya son askin da za a yi ta ƙorafi a kansa har kabari. A sa masa yadda yake so, a ji. Mama ta kama maɓallin da hannu biyu, don ya daɗe bai motsa ba, ta murɗa shi da ƙyar.

To, nan fa aka ji abu. Tsuntsaye suka yi ta tsalle, ganguna suka zabura, jita ta shigo a guje tana hawa tana sauka ba ta ko numfashi. Direban jirgi ya riƙe gefen tebur. Tobita ya saki baki. Kuramochi ya manta da ciwon baya, ya zauna ya miƙe wuya, yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya yana karɓar bashin shekaru. Matar ta zo a ƙarshe da 'yar muryarta siririya, ya dafa ƙirji. Allura ta tashi, kofuna duk suna tsaye, hannun Tobita ma da ya kai kan nasa ya janye.

Wanda ya fara tafi Isogai ne, kuma ya fi kowa ƙarfin tafi. Kuramochi ya juya gare shi ya rusuna, ya ce Sensei ya yi wa jama'a magana. Tsohon ya goge hannu a wando.

"Kai, wannan kam gwani ne. Wane ne shi? Waƙar ta yi kama da tawa, amma ni ko a mafarki ban taɓa gudu haka ba."

Aka yi shiru irin wanda ko dokar Mama ba ta taɓa samarwa ba. Kuramochi ya yi 'yar dariya ya ce Sensei da wasa yake. Isogai ya ce wane wasa, ai na farkon nan shi ne nasa, haka suka ɗauke shi. Ya ce tun yana yaro yatsunsa ke da nauyi, da ya ga ba zai iya tsere da kowa ba sai ya koma rubuta waƙoƙin da za su jira shi, 'yan ƙungiya suka riƙa kiransa kunkuru, shi ne ya sa wa faifan suna. Ya ƙara da cewa ya yi ta ƙoƙarin faɗa wa Kuramochi haka a gona, amma bai sami wurin shiga ba.

Kuramochi ya matso kusa da shi. Sauran abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya tambaya da ƙaramar murya.

"To, Sensei, ita matar fa? Mai waƙar ƙarshe?"

"Wace mata? Ni ne. Mura nake yi ranar."

Daga lungu aka ji wani sauti kamar tukunya ta fara tafasa. Tokiko ce, ta toshe baki da jaka, kafaɗunta na rawa. Da ta samu ta yi magana sai ta miƙe ta rusuna wa Isogai, ta ce ta ji daɗin ganinsa ƙwarai, don ta yi shekaru tana zaton ya fi ta kyau. Nan shago ya ɓarke, har mai awara ya zame daga matakala.

Da aka natsa, Mama Shizue ta ce a yanke hukunci. Tobita ya miƙe ya ce shi dai ya ji waƙar da ta sa shi hawaye a gaban mutane yau, kuma duk mai cewa Isogai bai iya tsara waƙa ba ya zo su haɗu a waje. Amma bangon nan na yatsu ne. Mai yatsun da suka ji a karo na biyu kuwa ba a taɓa haihuwarsa ba, balle a ɗauke shi hoto. Mai awara ya ba da shawarar a ɗauki hoton maɓallin a rataya. Aka fara kife kofuna ɗaya bayan ɗaya. Isogai ya dubi hagu ya dubi dama, ya ga yadda ake yi, shi ma ya kife nasa cikin ladabi.

A ƙofar shagon Tobita aka ajiye kujera, a kan titi, rana ta fara sanyi. Masu kayan miya suka bar rumfunansu, 'yan gidan wanka suka fito da tawul a ka, Isogai na bi yana raba gyaɗa. Kuramochi ya zauna kamar wanda za a ɗauka hoto, ya ce wa Tobita ya yi a hankali, gashin nan ya girmi shagonsa. Tobita ya ce ai yau kowa ya koyi amfanin yin abu a hankali. Ya kama jelar, ya ja numfashi kamar mai shirin cin abincin da ya daɗe yana marmari, ya datse. Gaskiya Kuramochi ya ji abin har cikin ransa, kuma da iska ta taɓa ƙeyarsa karo na farko tun yana saurayi sai da idonsa ya kawo ruwa. Kafin ya kai hannu ya shafa, Tokiko ta buɗe jaka ta kifa masa hular ulu, ta zauna daidai kamar an gwada.

Kwana biyu ba a gan shi a Mujiya ba. Da ya dawo, da hula har kunne, ya tarar Mama Shizue ta sami abin yi da ƙusar nan da ya kafa a tsakiyar bango, sama da kowa. Ta ɗaure jelar da jan zare ta rataye ta a wurin. Jama'a suka zuba masa ido su ga yadda zai yi. Ya tsaya ya daɗe yana kallonta, ya dubi hotunan da ke ƙasa da ita, ya ja kujerarsa ya zauna har faifan da ke kai ya ƙare.

Allura na tashi ya gyara hula, ya juya ga wani baƙo da ya shigo ranar, ya nuna masa bangon da haɓa. Ya ce ya duba da kyau, duk mutanen nan sai da suka yi shekaru suna wahala da jita kafin a rataye su. A duk Koenji mutum ɗaya ne ya hau bangon nan ba tare da ya taɓa ko tsirkiya ɗaya ba, kuma ga shi zaune a gabansa.

Mama Shizue ta sauke allura.